Yadda ake kai yara bakin teku a Kiribi daga arewacin Kamaru

Yawancin yaranmu na Garwa da Marwa da Ngaundere har su yi aure ba su taɓa ganin teku ba, alhali ƙasarmu tana da gaɓar teku mai tsawon wajen kilomita 400. Kudu muna zuwa, amma zuwan fatauci ne: a kai shanu ko albasa Yawunde da Duwala, a juyo. Na sha kai iyalina Kiribi, na kuma sha yi wa 'yan'uwa jagora, shi ya sa zan shimfiɗa yadda ake tafiyar tun daga ɗaure kaya har a dawo gida. Ba ta masu hannu da shuni kaɗai ba ce. Abin da take so shi ne shiri tun da wuri, da babba mai ido a kan yara, domin halin teku daban yake da na Binuwai ko Logon da suka saba.

Abin da za a tanada

Takardu su ne na farko. Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa na ɗan ƙasa, kowane yaro da takardar haihuwarsa. Idan za ka tafi da ɗan ƙaninka ko ɗan maƙwabci, karɓi takardar amincewar iyayensa mai sa hannu, don a shingen jandarma ana iya tambayarka yaron na waye. Masu tasowa daga Cadi su haɗa da fasfo ko katin shaida mai aiki, da katin rigakafin shawara.

Sai gidan sauro, ko da masauki ya ce yana da shi. Sauron kudu ba ya jiran damina kamar namu, shekara yake yi yana aiki. A haɗa da maganin shafawa na korar sauro, farasitamol na yara, ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, auduga, filasta, da man kaɗanya.

Tufafi kuwa marasa nauyi, masu saurin bushewa. Kowane yaro kaya biyu na shiga ruwa, masu launi mai ɗaukar ido kamar ja ko ruwan ɗorawa, don a hango shi daga nesa. 'Yan mata wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi da ake cusawa cikin riga. A sa rigar sanyi guda ɗaya don daren Ngaundere da cikin jirgi, da silifas na roba ga kowa.

Sauran tarkace: tabarma ko darduma, buta, ledoji masu zik don waya da kuɗi, fitilar hannu, da jarka mai murfi ta lita biyar haɗe da igiya doguwa. Jarkar nan tana ɗaukar ruwan ɗauraye jiki, idan kuma an juye ta aka rufe, ita ce abin da za a jefa wa wanda ruwa ya ja. Guzuri: kilishi, dakuwa, cincin, dabino, garin kunu, yaji. Uwargida ta ƙulla ɗan garin masara da kuka da daddawa, saboda akwai yaron da bayan kwana biyu da kifi zai ce shi tuwo yake so.

1. Zaɓi lokaci

Daga Disamba zuwa Fabrairu ne ruwan sama yake ɗaukewa a Kiribi, kuma hutun makaranta na ƙarshen Disamba ya faɗo cikinsa. Sai dai mutanen Yawunde da Duwala su ma lokacin suke kwararowa, ɗakuna su yi tsada, bakin ruwa ya cika da kiɗa a ranakun Kirsimeti da sabuwar shekara. In da hali, ku isa da zarar an rufe makaranta ku bar garin kafin bikin, ko ku tsara zamanku ya faɗa tsakiyar mako. Yuli da Agusta ma ana samun sassaucin ruwan sama kuma yara suna dogon hutu, amma teku ta fi tashi a lokacin, wanka ya ragu. Satumba zuwa Nuwamba kuwa a haƙura, ruwa ne ba ƙaƙƙautawa.

Ware aƙalla mako guda. Hanya kaɗai za ta ci kwana biyu zuwa, biyu dawowa.

2. Raba kuɗi, kama masauki

Kasa kuɗin gida huɗu: sufuri, masauki, abinci da yawo, sai na ko-ta-kwana. Kuɗin komowa gida a ajiye shi daban a Orange Money ko MoMo, kada a taɓa shi ko yara sun yi kukan me. Kuskuren da ya fi kama magidanta shi ne su lissafa tikiti da ɗaki su manta da ƙananan abubuwa: babur nan, kwalekwale can, ruwan gora kullum. Waɗannan su suke cinye aljihu.

Iyali mai yara uku zuwa sama ya fi dacewa da gidan haya mai kayan ɗaki da kicin a kan otal. Kafin ka biya, tambayi abu huɗu: akwai ruwa a tanki? Akwai janareta idan wuta ta ɗauke? Tagogi suna da raga? Minti nawa ne a ƙafa zuwa bakin ruwa? Kada ka tura wa wanda ka gani a Facebook kuɗin kwana biyar cif. Nemi wani namu da ke kasuwanci a garin ya je ya ga ɗakin da idonsa. In ba ka da kowa, biya kwana ɗaya tak, in kun isa sai ku duba wasu. Ni ban cika son ɗakin da ƙofarsa take buɗewa kai tsaye kan yashi ba idan akwai ɗan shekara uku ko huɗu: kafin ku farka ya riga ku fita.

3. Daga gida zuwa Yawunde

Duk hanyoyi a Ngaundere suke haɗuwa. Daga Garwa wajen kilomita 280 ne, daga Marwa a ƙara 200 da ɗoriya. Ku taso da sassafe. Hawan dutsen da ke bayan Mbe yana da kwane-kwane, nan yara suke amai, don haka kada a cika musu ciki da maiƙo, a ajiye leda kusa. Mutanen Cadi na kudu suna da titin Mundu zuwa Tuboro zuwa Ngaundere. Na Njamena masu tsallako gadar Ngeli zuwa Kuseri su tambayi direbobi halin hanyar Waza da Mora kafin su taso, kuma kada su bi ta da dare.

Daga Ngaundere jirgin ƙasa na Camrail yana tashi da yamma, ya kwana yana tafiya kilomita 600 da 'yan kai, ya shiga Yawunde da safe. Idan aljihu zai ɗauka, kama ɗakin kwana mai gado huɗu, iyali guda su rufe ƙofarsu. Ƙananan yara a gadon ƙasa, manya a sama. Wannan tikitin yana ƙarewa da wuri a lokacin hutu, a saye shi kwanaki kafin tafiya, ko ka sa wani a Ngaundere ya saya maka. In bai samu ba, kujerun aji na ɗaya ma suna yi, sai dai a riƙe bargo, a zaunar da yara ta gefen taga, jakar kuɗi a jikinka. A tashoshi irin su Ngaundal da Belabo masu talla suna zuwa bakin taga da zuma da ayaba da sandar rogo. A saya ta tagar. Kada a bar yaro ya sauka, jirgi ba ya jiran kowa.

Wanda bai samu jirgi ba akwai bas ta Meganga, Garwa Bulai da Bartuwa, sama da kilomita 800, amma da ƙananan yara wahala ce. Mai hali kuma ya hau jirgin sama daga Garwa ko Marwa zuwa Duwala, daga can Kiribi kilomita 170 ce kawai.

4. Daga Yawunde zuwa Kiribi

Motocin Kiribi a unguwar Mvan suke lodi. Tafiyar wajen kilomita 280 ce, ta Edeya, awa huɗu zuwa biyar. Kada ka sayi tikitin bas tun kafin jirgi ya iso, bar wa kanka sarari. Idan yara sun galabaita, ku kwana a Birketiri, unguwar Hausawa, inda za ku samu masallaci da abincin gida da mai fahimtar harshenku, washegari ku wuce. Ya fi kyau ku shiga Kiribi da rana tsaka. Gari ne da ke kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya kudu da arewa, ƙarfe shida da rabi duhu ya rufa, kuma neman masauki cikin duhu da yara masu jin yunwa ba daɗi.

5. Ranar farko a bakin ruwa

Nan ne zan daɗe, don duk sauran matakan saboda wannan aka yi su.

Ranar da kuka isa ba a shiga ruwa. A je a tsaya a kan yashi, a kalla. Yaron da ya tashi a bakin kogi ya san ruwa mai tafiya gefe ɗaya. Nan kuwa igiya tana zuwa ta buge ka, sannan ta koma tana zare yashin da ke ƙarƙashin tafin ƙafarka. Riƙe hannun yaron ku tsaya inda ruwa yake kai idon sawu, ya ji wannan jan da kansa. Za ka ga yatsun ƙafarsa suna nutsewa, ya damƙe hannunka yana dariya yana tsoro. Bar shi ya ɗanɗana gishirin ma, ya yamutsa fuska. Wanda ya ƙi matsowa kada a ɗauke shi a tsoma shi da ƙarfi, kada kuma 'yan'uwansa su yi masa dariya. Zuwa jibi shi da kansa zai nemi shiga.

Sannan ka je wurin masunta ko mutanen unguwar, 'yan ƙabilar Batanga ne yawancinsu, ka gaishe su ka tambaya ina ne ake wanka, ina ne ba a yi. Sun san kowane rami da kowane dutse. Kada ka sa ran akwai ma'aikacin ceto a wurin: kai ne shi.

Dokokin da nake kafa wa yara, kuma nake sa su maimaita da bakinsu kafin a taɓa ruwa, su ne: ba mai shiga sai da babba a tsaye; ruwa ba ya wuce gwiwar ƙarami, ba ya wuce ƙugun babba; ba a ba teku baya; ba a hawa duwatsu; in silifas ko ƙwallo ya tafi, ya tafi ke nan. Wannan na ƙarshen a nanata shi, don bin takalmi ya sha jefa yara cikin hatsari.

Manya su raba aiki. Mutum ɗaya ya tsaya da ƙafarsa cikin ruwa, fuskarsa ga yara, ba waya a hannunsa, ba hira. Bayan ɗan lokaci wani ya karɓe shi, kuma a faɗa da baki: "Hajiya, na bar miki su, su huɗu ne." Idan manya biyar suna zaune kowa yana zaton wani yana kallo, to ba mai kallo. Kada kuma a ɗora wa yarinya 'yar shekara goma sha biyu tsaron ƙannenta kamar yadda muke yi a gida. Yaron da ruwa yake ci ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu, shiru yake yi kansa a karkace baya, bakinsa yana shiga ruwa yana fita.

Iyaye mata, don Allah kada a shiga da zani da dogon hijabi. Idan suka sha ruwa nauyinsu ninkawa yake, su naɗe ƙafa, igiya ɗaya ta kayar da mutum. Wando a ciki, doguwar riga da ba ta wuce gwiwa ba a sama, an samu sutura an samu lafiya. Wadda ke son wurin da babu cunkoson maza ta fito bayan sallar asuba, lokacin bakin ruwa kusan fayau yake. Mai goyo kuwa ta kwance shi ta ba wani kafin ta matsa kusa da igiya.

Teku tana cika ta janye sau biyu a yini da dare, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kusan awa guda kullum. Shimfiɗa tabarma can sama da inda ka ga layin ganye da tarkacen da ruwa ya bari. Idan ta janye, nan yara suka fi morewa: ƙananan kududdufai, ƙaguwa masu gudu a karkace suna shigewa rami, bawon katantanwa iri-iri, ginin gida da jiƙaƙƙen yashi. Kada a yi shimfiɗa daidai ƙarƙashin bishiyar kwakwa mai 'ya'ya.

Rana tana ƙona fatarmu ma. Daga sha ɗaya zuwa uku a koma inuwa, a sha ruwa. Da yamma kuma akwai wasu ƙananan ƙudaje da ake kira mutmut, ba ka ganin zuwansu sai ƙaiƙayi. Kafin la'asar sakaliya a ɗauraye yara da ruwan daɗi, a shafa musu mai, a sa musu dogon hannu.

6. Idan abu ya faru

Akwai wuraren da ruwan da igiya ta kawo yake taruwa ya koma teku ta hanya ɗaya da ƙarfi. Abin ruɗin shi ne wurin yakan fi ko'ina kama da mai lafiya: igiya ba ta fashewa a nan, ruwan ya ɗan yi duhu ko ya gauraya da yashi. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawar komowa kai tsaye, zai gaji. Ya kwanta rigingine ya sha iska, ya yi iyo a gicciye, daidai da gaɓa, har ya fita daga jan, sannan ya nufo tudu. Na waje ya yi kururuwa ya kira masunta, ya jefa jarkar nan da igiya. Uban da bai iya iyo ba kada ya faɗa.

In an fito da yaro ba ya numfashi, kada a juya shi ƙafa sama, kada a danna masa ciki wai a fitar da ruwa. A kwantar da shi rigingine, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, wani ya nemo mota. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti.

Idan wani abu mai yauƙi a cikin ruwa ya harbi yaro fatar ta yi ja tana zafi, a wanke da ruwan tekun, ban da murzawa. Gudawa kuwa, in ƙunshin ya ƙare, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Zazzaɓi ko yaya yake, a je a gwada jini a ranar.

7. Wuraren da za a kai su

Magangarar ruwan Lobe tana kilomita bakwai kudu da gari, inda kogi yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, abin da ba kasafai ake gani ba a duniya. Ku je da safe. Masu kwalekwale za su kewaye ku. A yi ciniki a gama kafin a hau, a faɗi ko kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka, zuwa da dawowa. Kowane yaro da rigar ceto daidai jikinsa. In babu, ku kalla daga kan yashi, ba abin da ya ragu. Ana kuma kai baƙi sama cikin kogin zuwa matsugunin Bagyeli, mutanen daji. Wanda zai je ya koya wa yaransa cewa gidan mutane za su shiga: a yi gaisuwa, a nemi izini kafin hoto.

Wurin da na fi so shi ne masaukar masunta ta Mbowamanga, a bakin kogin Kiyenke. Laraba da Asabar jiragen suka fi dawowa da kaya. Bari yara su zaɓi kifin da kansu, ka nuna musu yadda ake gane sabo: ido garau, cikin kunnen ja, tsoka ba ta lotsawa. Ka saya, ka miƙa wa matan da ke gashi a gefe, a kawo muku shi da soyayyar ayaba ko sandar rogo da barkono. Ce musu a sa barkonon a gefe, nasu ba irin yajinmu ba ne. Jatan lande ma nan ne gidansa, amma yaron da bai taɓa ci ba a fara ba shi ɗaya, a jira a ga ko jikinsa zai yi ƙuraje.

Kusa da wurin akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906. Da dare kuma idan yaran Cadi suka hango fitilu can cikin teku, a gaya musu nan ne bututun man da ya taso daga Doba, kilomita 1,070, yake ƙarewa tun 2003.

Lonji ƙauyen masunta ne kilomita 15 arewa da gari, ruwansa ya fi kwanciya, ya dace da ƙanana. Eboje kuma tana kilomita 50 kudu, ta bayan sabuwar tashar jiragen ruwa da ta fara aiki a 2018. Can kunkurun teku suke fitowa da dare su yi ƙwai cikin yashi a watannin da ke kewaye da Disamba, mutanen ƙauyen suna gadinsu. Tafiya ce ta manyan yara, kuma sai da mota mai ƙarfi. Wuri ɗaya a rana ya isa.

8. Salla da abinci

Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, abin da ke cikinsa kuma halal ne, kamar yadda ya zo a hadisi. Alƙibla tana arewa maso gabas: ka ba teku baya ka karkata hagu. A hanya ana ƙasaru, amma a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku cika salla zai yi. Nama kuwa a nemi mahautanmu, masu tsire za su nuna maka su, su kuma kwatanta maka masallacin Juma'a. Yawancin wuraren gasa kifi ana sayar da giya, don haka da iyali a je cin rana, a bar musu dare. Ruwan sha na gora ko tafasasshe kawai, ban da ƙanƙarar da ba a san asalinta ba.

9. Komowa

Tikitin jirgin dawowa a saye shi tun ranar da kuka sauka a Yawunde. Ranar ƙarshe ba wanka, don kaya su bushe; jiƙaƙƙen tufafi a cikin jaka kwana biyu fumfuna yake yi. A wanke kan 'yan mata sosai, gishiri da yashi suna maƙalewa a kitso. Tsaraba busasshen jatan lande da kifin banda da kwakwa, ɗanyen kifi ba zai kai Ngaundere ba. Bayan an dawo a sa ido kan yara mako biyu zuwa uku, wanda jikinsa ya yi zafi a gaya wa likita daga inda aka fito.

Idan Kiribi ba ta samu ba

Limbe tana da baƙin yashi na dutsen Kamaru, da lambun itatuwa da aka kafa tun 1892, da gidan kula da birai da yara suke so ƙwarai. Sai dai tana yankin Kudu maso Yamma da ke fama da rikici tun 2016, don haka sai an tambayi mazauna can halin da ake ciki kafin a ɗauki iyali.

Wanda kuɗinsa bai kai kudu ba bana, tafkin Lagdo yana nan kusa da Garwa, a je da safe a dawo da yamma, yara su ga ruwa iya ganinsu, su ga masunta da madatsar da aka gama a 1982. Na Ngaundere suna da tafkin Tizon da magangarar Telo. Amma a waɗannan wurare kallo kawai ake yi: akwai dorina da kada a Lagdo, ruwan kwance kuma yana sa tsargiya. Kuɗin Kiribi kuwa a shiga adashi tun watan Janairu, a roƙi uwar adashi ta sa kwasarku ta faɗo a Nuwamba, lokacin sayen tikiti.